Na Ɗora wa Kwallin Tsohuwa Laifin Baturan Mijina

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma a daure a kai ƙarshe kafin a fara zagina, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi muni.

Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, 'yata ɗaya, zan kira ta Sumayya, ko firamare ba ta shiga ba. Maigidana da can gyaran batirin mota yake yi a bakin titi, daga baya ya koma fasa matattun batura yana ciro dalmar da ke ciki, ya narkar ya sayar. Da maƙwabtan shagonsa suka kore shi saboda hayaƙi, sai ya kwaso aikin ya kawo kangon da ke bayan ɗakina, wanda ƙofarsa a tsakar gidanmu take. Da gatari yake sara su, ruwan batirin ya tsiyaye yana kumfa, ya bi kwata ya wuce ta gaban madafina. Idan ya hura wuta, warin sai ya shaƙe maƙogwaro, bakinka ya yi kamar ka tsotsi ƙarfe mai tsatsa. Wata toka mai launin siminti ta sauka kan igiyar shanya, kan murfin randa, har kan kuɓewar da nake shanyawa. Kayan aikinsa da ruwan batir ya huhhuda, a bahon wankan Sumayya nake wanke su. Kwanson batirin ma a ciki nake zuba wa kaji ruwa, mu kuma mu soya ƙwan mu ci.

Maƙwabciyata, Maman Ilham, malamar makaranta ce, katanga ɗaya ta raba mu. Kullum da safe takan miƙo min 'yarta Ilham, wadda Sumayya ta ɗan girme ta, kafin ta fita aiki. Yaran nan biyu a bakin kangon suke wuni, suna girkin wasa da ƙasar wurin, suna lasar yatsu. Ina gani. Ban taɓa hana su ba.

Kwanakin baya mai unguwa ya sanar cewa ma'aikatan lafiya za su bi gida-gida suna gwada jinin yara da ƙasar gidaje saboda gubar dalma. Maigidana na jin haka ya sa wa kangon kwaɗo, ya jera buhunan gawayi a ƙofar, ya sa aka kawo sabon yashi ya baje tsakar gida gaba ɗaya. Ya ce da ni, "In sun tambaye ki, ɗakin gawayi ne. Kika kuskura kika buɗe baki aka rufe min sana'a, to ki san inda za ki nufa."

Da suka zo, wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta ɗora wata na'ura a kan yashin, na'urar ba ta nuna abin damuwa ba. Sai ta huda yatsan Sumayya da na Ilham, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'urar daban. Ina kallon fuskarta na ga ta sauya. Ta ce, "Hajiya, dalma ta yi yawa a jinin yaran nan, na ƙaramar ma ya fi muni. Akwai mai aikin batir ko narkar da ƙarfe a gidan nan ko kusa?" Na dube ta ido cikin ido na ce wallahi babu. Na rantse da Allah, Anti, alhali buhunan gawayin suna bayanta! Ta ce, "To kuna sa musu kwalli? Wani kwallin yana da dalma." Kamar jira nake, bakina ya riga ni: "Ai kuwa Inna, kakar Ilham, ba ta barin idonsu ya huta." Suka shiga gidan su Ilham suka karɓo tandun kwallin tsohuwar suka gwada, aka sami dalma a ciki. Ma'aikaciyar ta ce akwai kam, amma ranta bai kwanta cewa kwallin kaɗai ne ya kai jinin nan haka ba, za su dawo su sake gwaji.

Ba wanda ya tsaya jin wannan ƙarshen maganar tata. Ta kan katanga nake jin Baban Ilham yana ɗaga wa uwar da ta haife shi murya, wai za ta kashe masa 'ya da tsohon yayi. Bayan la'asar sai ga Inna ta shigo gidana da sandarta. Tsohuwar da ta girmi mahaifiyata ta durƙusa a kan wannan yashin ƙarya, ta kama gefen zanina tana kuka, ta ce, "'Yar nan, ki yafe ni, na cuci Sumayya. Wallahi don ƙauna nake sa musu, ban sani ba." Kun san abin da na ce? Na ce, "Ba komai Inna, na yafe." Ni na yafe mata! Wace irin halitta ce ni? Washegari ta haɗa kayanta ta koma wurin 'yarta a Dutsen Abba, ta ce ba za ta iya kallon jikarta ba.

Da na ba maigidana labari, dariya ya yi, ya ce ashe ina da kai. Yana gama karyawa ya janye buhunan ya hura wutarsa.

Yanzu haka Ilham tana asibiti. Jijjiga ta kama ta, idanu suka kakkafe, ana ba ta maganin fitar da gubar. Likita ya gaya wa uwarta cewa maganin ba zai yi amfani ba muddin yarinya ta koma inda take kwasar abin. Da na je dubiya Maman Ilham ta riƙe hannuna ta ce, "Tunda an rabu da kwallin nan, da an sallame mu wurinki zan ci gaba da kawo ta. Ke kaɗai na yarda da ke." Na fita na tsuguna a bayan ɗakin na yi amai.

Sumayya ma kullum ciwon ciki, ba ta cin abinci, surorin da ta haddace sun fara kuɓuce mata. Na ce masa, "Baban Sumayya, ka ji tsoron Allah, 'yarka ce fa." Ya ce, "Ni da nake shaƙa kullum na mutu ne? Cuta da lafiya na Allah ne." Yana faɗa hannunsa na rawa, dasashinsa ya yi baƙi. Ya miƙa wannan hannun cikin kwanon tuwo ya gutsuro ya ba yarinyar a baki. Tun ranar ba na iya cin abinci kwano ɗaya da shi, ko gefen mayafina ya taɓa sai na ji kamar in kankare fatata. Amma ƙyamar da nake yi masa ba ta kai wadda nake yi wa kaina ba, domin shi bai rantse ba, ba kuma shi Inna ta durƙusa wa ba.

Ma'aikatan za su dawo mako mai zuwa, har maigidana ya yi maganar a ƙaro yashi. Idan na ɗage musu buhunan nan aurena ya mutu, mahaifina ya rasu, mahaifiyata a ɗaki ɗaya take zaune a Gyallesu, kuma unguwa duka za ta san abin da na yi wa tsohuwa. Da wane ido zan dubi Maman Ilham? Idan kuma na yi shiru, ranar da aka sallami yarinyar nan a hannuna za a miƙo ta.

Don Allah ku gaya min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?