Kwana Tara Malam Bai Yi Magana Ba

Laraba da dare, Gumel

Yau kwana tara da ɓarin jikin Malam ya shanye. Na tambayi likita ko mijina zai sake magana. Ta ce, "Hajiya, kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana da siraran zaruruwan furotin da ke riƙe ta daga ciki. Idan jini ya yanke, sai su cukurkuɗe, ƙwayar ta mutu. Waɗanda suka rage muke lallaɓawa."

Ƙaninsa ne zai kwana da shi a asibiti, 'yan dubiya kuma sun koma Maigatari. Gidan shiru. Shekara talatin, duk abin da na jiyo shi nake fara ba labari. Wannan ma har na juya zan faɗa masa, sai na ga tabarmarsa a naɗe.