Gaisuwar Ɗan Sanda

Daren Alhamis, Kurugu

Yau aka yi sadakar bakwai ta maigidana Malam. Na ɗauka hawayena sun ƙare, sai ga ɗan sandan nan ya zo gaisuwa.

Shi ne ya rantse wa Malam cewa in ya faɗi inda ɓarayin shanu ke kwana a hanyar Rogo, ba mai jin sunansa, wai haka dokar aikinsu ta ce. Shi ne kuma ya tsayar da mota a ƙofar gidanmu da rana tsaka yana ɗaga murya, "Malam, mun gode fa!" Ba a jima ba aka tsinci gawar Malam a gonarsa.

Ina daga ciki, amma ina jin maganar zaure sarai. Ɗan sandan ya ce, "Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne. Shi da ɗansa Habibu sun taimaka mana ƙwarai." Zaman makoki ba a hana kowa, wa ya san kunnen wa ke wurin? Habibu kuwa ɗaukar babansa kawai ya yi a babur ya kai shi wajen 'yan sanda.

Bayan isha'i na kira Habibu. Na ce, "Gobe da asuba ka bi motar Kano, ka zauna wajen kawunka."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, gyaɗar Baba fa? Wa zai cire?"

Na ce, "Ta ruɓe. Mutum ɗaya na ba gonar nan, ya isa."