Maigidana Yana Suma In Ya Yanka Ragon Layya

Anti Dijatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah ta ƙaraso, saura mako biyar.

Ni ɗiyar mahauci ce, a Ƙofar Rini anka haife ni, tun ina ƙarama nake wanke kayan ciki. Maigidana kuwa malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali. Shekararmu shida da aure, ɗiya biyu, muna zaune a Runjin Sambo, kuma wallahi ban da abin da zan kai ƙararsa a kai. Ko miya ta yi gishiri sai ya ce ta yi daɗi.

Bara waccan munka yi layyar farko a gidanmu. Bai sa komai a bakinsa ba tun asuba, ko ruwa, don ya ce hantar ragonsa zai fara ci, kamar yadda mahaifinsa ke yi. Ya dawo daga idi cikin babbar riga, kin dai san ranar Sakkwato. Yayana Illo ya danne ragon, shi kuma ya yanka. Yana ɗagowa na ga gumi ya karyo masa, ya yi hamma, sai ga shi ƙasa warwas, wuƙar ta faɗi dab da cinyarsa. Illo ya ɗago shi ya jingina shi da bango, ya sake sulalewa, har hannunsa ya ɗan yi karkarwa. Bai fi minti ɗaya ba ya farka yana tambayar ko an fara fiɗa.

Bara ma haka anka yi. Innata ta ce iska ce, ta aiko da hayaƙi. Wata maƙwabciya ta ce farfaɗiya, maganar da ta hana ni sukuni saboda yarana. Yayyena kuwa sun samu abin tsiya, in ya je gaisuwa sai su ce a ɓoye tsire kada Malam ya faɗi. Yana dariya, amma na san tana cinsa a rai. Bana ya ce ko ana ha-maza-ha-mata shi zai yanka. Ni ba faɗuwar nake tsoro ba, wuƙar nake tsoro. In na hana shi, zai ga kamar ni ma na raina shi. Yaya zan yi?

Ɗiyar Mahauci, Runjin Sambo

Ƙanwata,

Kwantar da hankalinki. Na karanta wa wata likita wasiƙarki, ta ce abin ya yi kama da sumar da suke kira vasovagal, wadda ta fi kowace yawa kuma galibi ba ta da haɗari. Ganin jini, ko tsoro, ko doguwar tsayuwa kan sa bugun zuciya ya ragu, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa rabonta, sai mutum ya faɗi. Maigidanki ya haɗa su duka a rana ɗaya: yunwa, ƙishirwa, zafi, tsayuwar idi, sannan jini. 'Yar karkarwar nan takan zo da irin wannan suma, kuma mai farfaɗiya ba kasafai yake farkawa garau yana tambayar fiɗa ba.

Amma ba a gane ciwo ta jarida. Ku je asibiti cikin makon nan, ke ma ki bi shi, domin ke kika ga abin da ya faru, shi bai gani ba. Za a auna jininsa a kwance da a tsaye, a duba sukari, a ɗauki bugun zuciyarsa da na'ura. Ku faɗa wa likita in ya taɓa suma ba tare da wata alama ba, ko yana kwance, ko yana tsaka da aikin ƙarfi, ko da ciwon ƙirji, ko kuma an taɓa mutuwar fuju'a a danginsa. Waɗannan su ne abin dubawa da kyau.

In an tabbatar ita ce, maganin yana hannunku. Ya riƙa shan ruwa sosai. Da ya ji gumi, jiri, ko ganinsa ya dushe, ya ajiye abin da ke hannunsa ya kwanta nan take. In babu wurin kwanciya, ya harɗe ƙafafu ya ɗaure tsokar jikinsa tamau. In ya faɗi, a bar shi kwance a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa. Jinginawar da Illo ya yi masa, da kyakkyawar niyya, ita ta sake sumar da shi.

Jiran hanta al'ada ce mai kyau, amma ya tambayi malaminsa, zai ji cewa ba farilla ba ce, kuma wakilta wani ya yanka ya halatta. Ladan layyarsa na nan.

Kina da gaskiya kan wuƙar, shi ma yana da gaskiya kan mutuncinsa. Don haka kada ki yanke masa hukunci, ki bari ya ji daga bakin likita ya zaɓa da kansa. Yayyenki kuwa, ki sami Baba ya tsawatar musu, wasan ya isa haka.

Abin da ya rage naki ne ke kaɗai. Ina zaton ba don su Illo yake wannan naci ba, don ke yake yi. Ki zaunar da shi ki faɗa masa a fili cewa da mai yanka kike so, da ba ki fito daga gidanku ba, kin baro su cike da zaure, kika zaɓe shi.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya nuna mana Sallah da rai, a ci hanta cikin kwanciyar hankali.

Anti Dijatu