Ki Jira Litinin, Afra'u

Ya ke sanyin idona, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata, inuwar mangwaro a tsakiyar rana, Afra'u amaryata da nake jira,

Na yi miki sallama mai taushi, irin wadda ba sai kin buɗe baki kin amsa ba. Ki amsa a zuci kawai, zan ji daga nan.

Ina rubuto miki ne daga ajina, yau Asabar bayan la'asar. Babu ɗalibi ko ɗaya, daga ni sai kujeru da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa ɗazu. Na zo da niyyar duba takardun jarrabawar yara, amma jan biro ya ƙi tafiya a hannuna. Yaya zan auna amsar wani alhali tambayar da ke raina ba ta da mai amsawa? Na kira wayarki ba ki ɗauka ba, kuma ban ji haushi ba, na san motsa baki ya zama miki aiki. Na zo ƙofar gidanku, aka fito aka ce kin ce ba za ki bari in ga fuskarki a kumbure ba. Saboda haka Malama Rosaline, abokiyar aikina kuma maƙwabciyarku a Akurba, ita ta zama idona da kunnena, ita ce kuma za ta miƙa miki wannan takarda. Da na tambaye ta jikinki, sai ta girgiza kai ta ce, "Malam, yarinyan nan yana shan wahala, amma ko kuka ba ya yi." Wallahi da ta ce min kina kuka da na fi samun sauƙi.

Na zauna ina ta tunanin abin nan da ake kira haƙori. Abu ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar masara ba, amma idan ya tashi sai ya kori duniya duka daga kan mutum. Ba a jin kiran mai talla, ba a jin daɗin iska, abinci ya zama abokin gaba, sai zogi kaɗai yana bugawa daga muƙamuƙi zuwa kunne kamar ana daka a cikin kai. Ciwon ƙafa ana iya miƙe ta can nesa a kalle ta. Shi kuwa wannan ya yi masauki a inda murmushi yake kwana, a inda magana take fitowa, a inda kike ambaton Allah. Kaico! Da ana raba ciwo kamar yadda ake raba tuwo, da na miƙo kwanona na ce a zuba min babban rabo, a bar miki ɗan abin da za ki iya.

Amma ba don in yi miki jaje kaɗai na ɗauki biro ba, ya hasken raina. Malama ta gaya min abin da aka shirya. Jiya Juma'a likitan da ya duba ki a asibiti ya ce likitan haƙori sai Litinin, ya ba ki magani don kumburin ya sauka, ya ce idan an ɗauki hoto mai yiwuwa ma a ceci haƙorin ba sai an cire ba. Goggo Batulu kuwa ta dube ki ta ce ba za ta iya zuba ido har Litinin ba. Ta aika wa Babandi, mai cire haƙorin nan da ke shimfiɗa tabarmarsa a kasuwa, ya ce gobe Lahadi da hantsi zai zo gida da filayarsa. Kuma an ce ke ba ki ce komai ba, kin sunkuyar da kai ne kurum.

Na san dalilin shirunki guda biyu ne, kuma dukansu ina girmama su. Na farko zafi ne. Wanda zogi ya hana sakat, ko wa ya ce zai raba shi da shi zai miƙa masa baki. Na biyu Goggo ce. Ita ta goya ki tun rasuwar mahaifiyarki, ita ta tauna ta ba ki kafin ki yi haƙorin da ake magana a kansa. Ta yaya za ki ɗaga ido ki ce mata a'a? Ban taɓa jin kin musa mata ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na zaɓe ki.

Ba na zagin Babandi. Na sha wucewa ta gabansa, na ga kwalbarsa cike da haƙoran mutane, na ga masu fita daga hannunsa suna godiya. Amma na ga wanda bai fita da godiya ba. Mahaifin wata ɗalibata ya kai kumburarren turmin haƙorinsa wurin mai irin wannan sana'a, aka ja, kan ya fito, saiwar ta karye a ciki. Kumburi ya gangaro masa har wuya, aka kwantar da shi a asibiti, yarinyar ta daina zuwa aji tana jinya. Da na je gaishe shi, ruwa ma da cokali ake ɗura masa. Afra'u, tun da Malama ta ambaci filaya fuskar mutumin nan nake gani, sai in runtse ido don kada in ga taki a wurinta.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Kun zo daga makarantarku ta aikin gona da ke Shabu don ku duba lambun ɗalibanmu. Kina sanye da shuɗin hijabi, takalminki duk taɓo. Yara sun taru a kan wani tumatir da ganyensa ya yi rawaya, suna gardamar wa zai tuge shi. Kika durƙusa, kika tone gindinsa a hankali da yatsa, kika nuna musu cewa ruwa ne ya kwanta masa, kika ce ba a tuge shuka sai an ga abin da ke ƙasa. Kika sa suka yi masa hanyar ruwa. Sai ga akuyar mai gadi ta faɗo lambun, yara suka bi ta da ihu, ke kuwa kika tuntsire da dariya har kika dafa shinge. A cikin dariyar nan na ɓata, kuma har yau ban nemi hanyar fita ba! Ranar na koma gida ina ce wa kaina, wadda ta yi wa tumatir wannan haƙuri, me za ta yi wa mutum? To, ga shi yau ni ke roƙonki ki yi wa kanki abin da kika yi wa shukar makaranta. Ki bari a ga abin da ke ƙasa tukuna.

Na san Litinin tana miki kamar bayan duwatsun Eggon. Bari in taka miki, tunda raka mutum zuwa inda yake tsoro shi ne aikina kullum. Ki sha maganin likita a kan lokacinsa, kada ki ƙara don zafi ya ƙaru, kada ki daina don ya lafa. Ki jiƙa gishiri kaɗan a ruwa mai ɗumi, ki riƙa kurkurewa a hankali kina zubarwa. Idan za ki kwanta ki tara matasai ki ɗaga kanki, don kwanciya shimfiɗe tana ƙara bugun. Kunun gyaɗa idan ya huce, ko fate mai ruwa, ki sha ko da cokali kaɗan ne, ki bi ta ɗaya gefen. Idan Goggo ta ba ki kanumfari ki karɓa da hannu biyu, ki ɗora a gefen haƙorin, ba zai cuce ki ba, kuma zai sanyaya mata rai ta ga an karɓi nata. Amma duk mai zuwa dubiya da ya ce a ɗiga ruwan batir, ko fetur, ko a murƙushe ƙwaya a cusa a dasashi, ki yi masa godiya ki rufe bakinki. Waɗannan ƙona nama suke yi, ciwon yana nan.

Sai maganar gashi, wadda ita ta fi yi min nauyin faɗa. An ce safe da yamma Goggo tana tsoma tsumma a ruwan zafi tana gasa miki kunci. Na san hannun nan. Da ruwan zafi ta yi jinyar masu jego, da shi ta gyara targaɗe, da shi ta kori ciwon baya a gidan nan shekara da shekaru. A wurinta ƙauna ruwan zafi ce. Amma kumburin haƙori ba targaɗe ba ne, zafi yana sa shi ya ƙara tashi ya bazu. Sanyi yake so. Na ba Malama ruwan leda masu ƙanƙara, ki naɗe ɗaya a ƙyalle ki ɗora a kunci na ɗan lokaci, ki sauke, ki sake. Kuma ina haɗa ki da Allah, idan zazzaɓi ya rufe ki, ko kumburin ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya ta yi wuya, ko numfashi ya canza, to babu sauran jiran Litinin. A wannan lokacin dauriya ba ado ba ce. Ki buga wa Malama bango, ta kira ni, mu tafi asibiti nan take.

Kin ga na iya tsara magana a takarda. A aji ma haka nake, in tsaya gaban yara in yi ta bayanin jini da ƙashi har a kaɗa ƙararrawa. Amma mutum ɗaya da ya kamata ta ji wannan bayani, ita ce ba ni da bakin yi mata. Tun ranar da aka kawo kayan sa rana, Goggo ta zama surukata. Idan ta ji sallamata sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, ni kuma in durƙusa a bakin ƙofa ina gaishe da labule, idona a ƙasa. Gaisuwa ce iyakarmu, ita ma a gajarce. Na bi ta hanyar da aka saba, na je wurin kawunki, Kawu Ya'akubu, da safe na roƙe shi ya sa baki. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce shi haƙoransa uku Babandi ya cire kuma ga shi yana cin nama, ya ce in bar wa mata harkarsu, in tanadi bakina don ranar ɗaurin aure. Na fito daga zaurensa ina jin kamar an ɗaure min hannuwa da igiyar da ni ma nake ganin kyanta.

Don kunya abu ce mai kyau, Afra'u. Ita ce shingen da ya sa gidajenmu ba su zama kasuwa ba. Ina koya wa yara ita, ina son 'ya'yanmu su tashi da ita. Amma yau na zauna a wannan aji na tambayi kaina, wa wannan kunyar take karewa? Goggo tana jin nauyina, ke kina jin nauyin Goggo, ni ina jin nauyinku duka, Babandi kuwa ba ya jin nauyin kowa, gobe zai ɗaure jakarsa a bayan babur ya taho. Mu uku masu ƙaunar juna mu yi shiru saboda ladabi, a sa miki ƙarfe a baki? Da farko na yi niyyar in roƙe ki ki daure ki ce wa Goggo a'a da kanki. Har na rubuta, sai na soke. Wane irin miji ne zai ɗora wa mara lafiya kayan da shi mai lafiya ya kasa ɗauka?

Saboda haka ga abin da na yanke. Gobe da sassafe, kafin Babandi ya iso, zan zo gidanku. Zan cire takalmi, in durƙusa a inda na saba, in gaishe da Goggo. Idan ta amsa, ba zan tashi ba. Zan ce mata ita ce uwa, ita ta san darajar abin da ta rena fiye da ni, kuma na zo roƙo ne ba koyarwa ba. Zan roƙe ta ta ba ni aron kwana ɗaya. Zan ce mata ranar Litinin ni zan kawo Keke Napep ƙofar gida, ita za ta zauna kusa da ke, ita za ta riƙe hannunki a gaban likita, kuma duk abin da aka ce a kunnenta za a faɗa. Mai yiwuwa ta yi fushi. Mai yiwuwa kafin azahar Akurba duka ta ji cewa malamin nan da ake yabo ashe ba shi da ta ido, ya tsaya yana musu da surukarsa tun ba a kai masa amarya ba. Na auna wannan, na ga zan iya ɗaukarsa. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in tsaya a waje da mutuncina cikakke ina jin nishinki ta katanga.

Abu ɗaya nake nema a wurinki, ya farin watana. Idan Goggo ta juyo ta tambaye ki ko kina son ki jira, ba sai kin yi magana ba. Ki gyaɗa kai kawai. Ni zan ɗauki laifin, ke ki ɗauki haƙurin kwana ɗaya.

Batun fuskarki kuma, ki ɓoye ta idan hakan ya fi miki, ba zan matsa ba. Amma ki sani ba kunci na nema ba, mai kuncin na nema. Ko an ceci haƙorin ko an cire shi, ko kin zo gidana da giɓi, ko tsufa ya zo ya kwashe mana su duka muka koma shan kunu tare a tsakar gida, ke ce dai, kuma ni ne dai.

Allah Ya sassauta miki, Ya sa barci ya zo miki da wuri, Ya kuma ba ni ƙarfin gwiwar da zan durƙusa da ita gobe.

Naki a lafiya da ciwo, yau da gobe da bayan Litinin, har iyakar numfashina,

Sharhabilu