Tsakuwa a injin Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris

Babban ɗana ya sake tayar da zancen: a sayar wa masu tsohon ƙarfe da Gwaggo. Gwaggo fa, motar da ta yi shekaru tana kai su makaranta! Wai "Baba, ko gadar sama da ƙyar take hawa." Mun yi da shi: ranar Asabar 15 ga wata zan ɗauki uwarsa mu je gidan ƙanwarsa ta dogon hawan nan na bayan gari. In Gwaggo ta haye ba tsayawa ba tafasa, ya ja bakinsa ya yi shiru. In ta kasa, ya karɓi makulli. Na ba shi hannu ina dariya. Shekara talatin da biyar na yi a gareji ana ce mini Mai Kunne, don da kunne nake saita wuta, ban taɓa riƙe fitilar taimin da wasu ke saitawa da ita ba. Bai san da wa yake yi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Sabbin filogi, kafireta a wanke tas. Har yanzu nauyi, ga shan mai, ga zafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kama ɓarawon! Ɗan gwangwanin nan ne na gefen distributa mai raba wa filogi wuta, wanda iskar kafireta ke zuƙa ya matso da wuta gaba. Na zare tiyonsa na zuƙa da baki, iska ta taho ba abin da ya tare ta. Robar ciki ta yage, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na yi ihu ni kaɗai a tsakar gida. Uwargida ta leƙo ta taga: "Malam, ka wanke bakin nan kafin ka taɓa mini kofi."

Asabar, 8 ga Maris

Na samo wani gwangwanin wajen abokina mai kayan gyara. Na ɗaura, na zuƙa, tiyo ya kama mini harshe cak. Sau ɗaya na murɗa makulli ta tashi. Yau har abinci ya fi daɗi.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kai Uwargida kasuwa don gwaji. Gwaggo sai tsalle take kamar budurwa. Muna kan gadar sama ta ce, "Me ke ƙara haka? Kamar an zuba tsakuwa a gwangwani." Na kasa kunne, ban ji komai ba. Na ce 'yan kunnenta ne. Ta ce, "Duk sanda ka ɗan taka a hawa sai ta yi." Ita da ba ta bambance filogi da murfin kwalba! Malamar firamare ce dai, ta saba jin raɗar 'yan bayan aji, yanzu har mota take tuhuma.

Litinin, 10 ga Maris

Ba wata ƙara.

Talata, 11 ga Maris

Na kwance filogi don in nuna wa Uwargida lafiyarsu ƙalau. Ban nuna ba. Bakinsu fari fat, da ɗige-ɗige baƙaƙe. Na san wannan tabon, inji ne ke buga kansa, wuta ta yi gaba da yawa. Sai na tuna: shekarun baya da Gwaggo ta fara nauyi, ni da hannuna na murɗa distributa gaba. Ashe tun lokacin gwangwanin ya mutu. Yanzu ga murɗina ga sabon gwangwani, kowa na tura wuta gaba. Da na hau dogon hawan nan a haka, fistin zan ƙona a gaban ɗana.

Gyaran ba wuya. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Irin wannan ƙarar, da can tun mota na ƙofar gareji nake jin ta. Na daɗe zaune a kujerar direba. Har na tuna yadda nake yi wa jikoki faɗa cewa ba sa buɗe baki in suna magana. Tsoro na ji, gaskiya.

Alhamis, 13 ga Maris

Da Uwargida ta dawo daga makaranta na ce ta raka ni ta sha iska. Ta dube ni ta ce, "Iska, ko aron kunne?" Amma ta ɗauki mayafinta.

Muka je gadar sama. Na cire tiyo na toshe, na sassauta distributa na mayar da wuta baya kaɗan, na ɗaure, na mayar da tiyo. Muka hau. In ta ji tsakuwa sai ta taɓa mini gwiwa. Sau huɗu muna sauka ina buɗe bonet, masu babur na mana hon. A na biyar hannunta bai motsa ba. Na taka, na ƙara takawa, shiru! Sai cewa ta yi, "Ta daina, amma kamar ka rage mata kuzari." Kai, matar nan! Na matso gaba da kaurin farce. A na shida ta ce, "Yauwa, nan ne." Muka yi ta dariya a bakin titi kamar wasu yara.

Asabar, 15 ga Maris

TA HAYE! A giya ta uku, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba! Hannun Uwargida na kan cinyarta tun daga ƙasa har sama, ni kuma ido ɗaya a titi ɗaya a hannun. Babban ɗana da ke bin mu a motarsa ya fito yana girgiza kai: "Baba, na sallama. Mai Kunne dai Mai Kunne ne." Na saci kallon uwarsa. Gyara mayafi kawai ta yi, ta ce a shigo da kaya.

Litinin, 17 ga Maris

Na yanki kati a asibiti, ɓangaren kunne. Don Uwargida ta daina damuna ne kawai.

Maƙwabci ya kawo tsohuwar motarsa da safe, wai in saurara masa, ba ya yarda da kunnen kowa sai nawa. Na ce ya dawo da la'asar, lokacin an tashi daga makaranta. Ya tambayi dalili. Na ce inji ya fi faɗin gaskiya da yamma.