Baitin da Na Daina Rera wa Matan Ƙauye

Assalamu alaikum, Malama Dijatu.

Ki gafarce ni da na ƙara miki nauyi, na san masu tambaya ba su yankewa a ƙofarki. Abin ne ya fi ƙarfina.

Ina karantar da mata a nan cikin birni. Bayan girbi matan ƙauye kan zo gidana, in rera musu waƙoƙin wa'azi. Ciki akwai baitin da ke faɗin zaluncin sarakunan da aka yaƙa lokacin jihadi, masu ƙwace dabbar talaka don ɗaukar kayansu. Mahaifinmu a wannan jihadin ya yi shahada, shi ya sa na tashi da yaƙinin duk wanda aka naɗa a Sakkwato adali ne.

Bara, ina tsakiyar baitin, wata tsohuwa, Balaraba, ta tambaye ni cikin ladabi ko waɗanda suka tafi da jakinta su ma mutanen dā ne. Na bincika. Barorin ƙanena Ɗahiru ne, wanda aka ba riƙon ƙauyensu.

Tun ranar nake tsallake baitin. In na rera, zance zai kai fada, a ce ɗiyar shahidi na zuga talakawa, kuma a kan ɗan uwanta. In na bari, na ɓoye ilimi, kin ko san hukuncinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro, zuciyata ba ta ganin masu rawani kamar dā. Ko na warware mubaya'a ban sani ba?

Gero ya nuna, suna tafe. Don Allah ki amsa mini da wuri.

'Yar uwarki mai tsoron hisabi.

Wa alaikumus salam, 'yar uwa.

Kwantar da hankalinki, mubaya'arki na nan. Ganin laifin mai riƙo ba tawaye ba ne. A kan adalci iyayenmu suka yi ta tun farko, kuma har yau shi kike so.

Tsoronki na da hujja, magana ba ta kwana a birnin nan. Don haka kada ki ambaci sunan kowa a gaban mata. Amma baitin ki rera shi yadda kika karɓe shi. Tsohuwar nan ta lura da shirunki, sauran ma za su lura.

Kafin su iso, ki je wurin Ɗahiru ke kaɗai. Mai yiwuwa bai san abin da barorinsa suka yi ba. In ya sani, yayarsa ce ta fi cancantar faɗa masa ya mayar da jakin. Zai iya yin fushi, ki jure.

Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sa ya ji.