Kwatancen Gidan Yaya Abdulwahabu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Injiniya Rahina ta iso Anka yau da kwamfutoci uku: ɗaya ta asibitinmu, ɗaya ta Gummi, ɗaya ta Bukkuyum. Ta ce akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira a ciki. Za ta karanta bayanan yaran da muka auna wa gubar dalma, ta nuna ƙauyukan da ya kamata a fara zuwa kafin damina ta rufe hanya. Wai bayanan ba za su bar ɗakinmu ba. Manhajar za ta yi karatunta a kowane asibiti, abin da ta koya kaɗai za a tura a haɗa, a dawo wa kowa da shi.

Na ce mata shekara goma sha ɗaya ina riƙe da fayil ɗin nan, suna ko ɗaya bai taɓa fita ba. Ta yi murmushi. Yarinya ƙarama sai iyayi. Ba ta kwanta mini ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ta ce in cire sunaye da lambobin waya kafin a fara. Na cire, yara sama da dubu biyu. Idona har ruwa yake yi.

Dalilin ba sai an faɗa mini ba. Yaron da dalma ta yi yawa a jininsa, galibi a gidansu ake niƙa dutsen zinare. Irin wannan gida kuwa mutanen daji nemansa suke ruwa a jallo. Infoma ɗaya ya isa.

Amira 'yar Yaya Abdulwahabu tana ciki. Wata huɗu na yi ina roƙonsa kafin ya bari a auna ta. Ya ce, "Zulai, in da hannunki za ki rubuta, na yarda. Amma kar wani mahaluƙi ya san gidanga."

Talata, 15 ga Afrilu

An fara. Kwamfuta tana ta ƙugi, ni ina harararta.

Laraba, 23 ga Afrilu



Rahina tana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da aka haɗa karatun asibitocin uku, sai ta zauna tana yi wa manhajar tambayoyin mugunta, irin waɗanda infoma zai yi. Dā dariya abin yake ba ni. Yau ta kira ni, ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ta rubuta, "Yarinya, shekara huɗu, dalma mai yawa, gidansu yana..." Manhajar ta ƙarasa da kanta: bayan masallaci, a wuce tsamiya biyu, ƙofar langa-langa shuɗiya, mai inji a zaure.

Gidan Yaya ne. Rubutuna ne, kalma da kalma.

Ƙauyukanmu ba su da lambar gida. Tun da na fara aiki, a gurbin ƙarin bayani nake rubuta kwatance don masu kai magani kada su ɓata. Har alfahari nake yi da shi. Ni na koya wa Mu'awiya mai riƙe da fayil ɗin Bukkuyum, ni na koya wa 'yan Gummi. Da aka ce a cire suna na cire suna, ban taɓa ɗaukar kwatance a matsayin suna ba. Ashe manhajar ta haddace wasu.

Na jira Rahina ta yi mini faɗa. Sai cewa ta yi, "Anti Zulai, har da laifina. Ban tambaye ku yadda kuke gane gida ba." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun goge manhajar da ke kwamfutarmu. An kira Gummi sun goge tasu kafin la'asar. Saura Bukkuyum. Tasu ta karɓi haɗaɗɗen karatun ranar Litinin, daga nan sabis ya ɗauke. Wayar Mu'awiya ba ta shiga.

Kuma na san ɗakin nan nasa. Shi kaɗai ke da sola, rabin unguwa a can suke cajin waya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kira goma sha tara, babu wanda ya shiga. Direban asibiti ya ce ko an ɗaure shi ba zai bi hanyar Bukkuyum ba, an tare ta shekaranjiya. Rahina ta ce za ta hau kabu-kabu. Ita da ko gaisuwa ta yi an san baƙuwa ce.

Inna ta tambaye ni me ya hana ni cin tuwo. Na ce zafi ne.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na je Bukkuyum da kaina a motar 'yan kasuwa. Inna ta ɗauka barka na tafi. Babu wanda ya yi magana a motar har muka wuce dajin, sai leɓuna ke motsi. Tsoro na ji sosai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Waya bakwai na tarar a jone kusa da kwamfutar, ga lambar sirrinta manne a bango da rubutu manya-manya. Mu'awiya ya miƙe, "Malama Zulai, mi ya hwaru kinka taho babu sanarwa?" Na ce ya sallami kowa ya rufe ƙofa.

Rahina ta rubuta mini a takarda yadda zan duba tambayoyin da aka yi wa manhajar kafin in goge. Guda biyu ne tun Litinin. Ɗaya ta Mu'awiya ce, a kan rigakafi. Ɗayar ta ranar Laraba, kalma uku: gidan masu zinare. Ya rantse ba shi ba ne, ya fita sallar azahar a lokacin. Amsar da manhajar ta bayar kuwa, ba ta ajiye ta ba.

Wataƙila wani ne ke wasa. Wataƙila ba ta faɗi komai ba. Na goge ta, na ɓare takardar bangon na yayyaga.

Asabar, 26 ga Afrilu

Rahina ta kai rahoto sama, da sunanta da nawa. Za a sanar da masu unguwanni a asirce. Na ce gida ɗaya ni zan je.

Na faɗa wa Yaya duka, ban rage komai ba. Amira tana kan cinyata tana wasa da jakata. Ya ce, "Ke na ba amana, ba inji ba." Na sauke Amira, na ɗauki jakata. Bai raka ni ƙofa ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Shiru. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Litinin, 12 ga Mayu

Har yau lafiya, alhamdu lillahi.

An sake karatun daga farko, babu gurbin ƙarin bayani. Kwatance yanzu yana takarda cikin kabad mai kwaɗo, makulli a wuyana. Ƙauyen da manhajar ta sa a gaba, ni ban taɓa kawo shi a rai ba. An je an auna, yara tara sun fara magani. Ba wai na yarda da ita ba ne. Sai dai yanzu ni ke zama kusa da Rahina ina ba ta tambayoyin mugunta, don na fi ta sanin yadda infoma ke tunani.

Yaya ya kawo Amira awo yau da kansa. Ya fitar da injin niƙan dutsen daga gida, an kankare ƙasar zauren. Bai yi mini fara'a ba, amma da zai tafi ya rage murya ya faɗa mini inda ya mayar da shi.

Na ɗauki biro zan rubuta kwatancen wurin a nan, yadda na saba.

Na fasa. Shafin ranar ashirin da uku ma, ina rufe littafin nan zan yage shi in sa a murhu.